Sammako da Kwarashinsa

A tashar motoci ta bakin kasuwa, idan ka wuce rumfar masu faci ka nufi wajen da ake wanke bas-bas, akwai wani benci da aka jingina da bangon ofishin 'yan kamasho. A kansa wani dattijo yake zama, ƙafar dama a miƙe, sanda a jingine, curin zare a cikin gwangwanin madara don kada ya gangara cikin baƙin mai. Saƙa yake yi da kwarashi, wato ɗan ƙarfen nan mai ƙugiya a baki da aka saba gani a hannun mata. Tsofaffin direbobi Sammako suke ce masa. Waɗanda suka zo daga baya suka tarar da shi a kan bencin kuwa Gwaggo suke kiransa. Duka biyun yana amsawa.

Sammako sunan aiki ne. Da wankin mota ya fara yana saurayi, ya koma ɗaura kaya, daga nan wani direba mai ciwon baya ya riƙa ba shi sitiyari idan an fita gari. Da wani mai motoci ya ba shi tasa bas ɗin, ba a taɓa riga shi shiga layi ba. Kafin mai shayi ya hura wuta shi ya duba ruwa, ya duba mai, ya bubbuga tayoyi da ƙafa. Sai dai sammakon nasa a tasha yake ƙarewa, domin a hanya ba ya gudu. Masu sauri in sun leƙa suka ga shi ne sai su ce za su jira ta gaba. Fasinjojinsa tsofaffi ne, da mata masu goyo, da masu ɗauke da kiret ɗin ƙwai. Fiye da shekara talatin yana wannan aiki, abin da ya taɓa bugewa rago ne guda, shi ma ya tashi ya gudu.

Ciwon a tasha ya same shi. Yana tsaye da kofin shayi a hannu, sai kofin ya suɓuce. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Ya buɗe baki zai ce wa mai shayi ya yi haƙuri, maganar ta fito a karkace. Dogo makaniki, abokinsa tun suna wankin mota, shi ya ciccibe shi ya sa a motar da ke kan layi, aka sauke fasinjoji aka nufi asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama.

Bayan an sallame shi ya koma gida, inda yake zaune da matarsa, wadda kowa yake kira Inna, da babban ɗansu da ake ce wa Babba, da matar Babban. Gida ne mai ɗaki uku da ɗan tsakar gida, tankin ruwa a kusurwa, kaji suna yawo. Magana ta dawo masa da wuri, ƙafa ta biyo baya tana ja, hannu ne ya yi taurin kai. Ma'aikaciyar da ke yi masa gashi a asibiti ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ta kuma ce a zuba masa maɓallai a faranti ya riƙa tsinta yana sawa a kofi. Ya yi na 'yan kwanaki, ya gaji.

"Ni da na juya bas cike da mutane," in ji shi, "yau ni ne nake tsintar maɓalli kamar kaza."

"Kazar ma ta fi ka sauri, Malam," in ji Inna. "Tsinci abinka."

A lokacin matar Babba tana da ciki. Kullum da hantsi, in ta gama aikin gida, sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar tanki ta kama saƙa wa jaririn da ake jira huluna da safa. Shi kuma an ajiye shi a kujerar roba a ƙofar ɗaki, farantin maɓallai a cinya, ba abin kallo sai ita da kaji. Mutum ne da ba ya iya ganin abu yana motsi bai nemi sanin yadda yake aiki ba. Ya lura ƙugiyar nan abu kaɗan take yi. Ta shiga, ta ɗauko zare, ta fito da shi ta cikin madauki, shi ke nan, sauran duk maimaici ne. Ya ce a ransa wannan ai bai kai canja giya a kan tudu wuya ba.

Ranar da ta tafi awo ta bar saƙar a kan tabarma. Ya miƙa sandarsa ya jawo ta. Kafin Inna ta fito daga wanka ya mai da rabin hula wani abu mai kama da sheƙar tsuntsu, ya tura ta inda ya ɗauko, ya koma kallon sama. Da surukar ta dawo ta ɗaga saƙar ta jujjuya.

"Inna, kajin nan sun taɓa min saƙa."

Inna ta dubi saƙar, ta dubi mijinta. "Ba kaji ba ne. Wani tsohon zakara ne."

 Washegari ya tarar da kwarashi mai kauri da guntayen zare a kan farantin maɓallansa. Surukar ta matso da tabarmarta kusa da kujerarsa, ta zauna ta ɗan ba shi gefe yadda zai ga hannunta sosai, ta rage sauri. Haka ta koya masa, ba ta dube shi ba, shi ma bai tambaye ta ba. In ya ɓata, sai ta warware nata layin ta sake yi a hankali, kamar ita ce ta yi kuskure. Sai da aka kwana biyu sannan ta yi magana, idonta a kan zarenta.

"Baba, ku sassauta riƙon. Ba sitiyari ba ne."

Ƙarfen yana zame masa daga yatsu. Da Dogo ya zo dubiya ya ga abin da ake ciki, bai yi dariya ba sai da ya fita ƙofar gida, inda aka jiyo shi har yana tari. Amma da ya dawo washegari ya zo da tsinken robar tiyub, ya naɗe ƙotar kwarashin da ita kamar yadda ake naɗe sandar giya, har ta cika hannu. Daga ranar ƙarfen bai sake faɗuwa ba.

Abu na farko da ya saƙa ba shi da suna. Ya yi sarƙa, ya hau kanta layi bayan layi, ya yi ta tafiya har zare ya ƙare. Da yake ragowar kayan jariri ne, ya fito da ruwan hoda, da rawaya, da shuɗi mai haske. Gefe ɗaya faɗi, gefe ɗaya tsukakke, ga wani rami kusa da ƙarshe inda ya tsallake ba da saninsa ba. Tsawonsa bai kai hannu guda ba. Inna ta ɗaga shi da yatsa biyu ta ce in abin wuya ne, to sai dai a nemo wuyan da zai yarda.

Wuyan Dogo ne ya yarda. An shiga sanyi a lokacin, kuma Dogo ba ya naɗa komai a wuya ko da haƙoransa suna kaɗawa, tun shekarar da ya sunkuya cikin injin mota da dogon mayafi, fambel, wato bel ɗin fankar injin, ya kama bakin mayafin ya fizgo shi. Da ba a kashe motar da sauri ba, da wani labarin ake yi. Har yau akwai tabo a ƙasan kunnensa. Ya ɗauki abin da Sammako ya saƙa ya zagaya wuyansa da shi, bai isa a ƙulla ba. Ya laluba ya ji ramin nan, ya cusa tsukakken bakin a ciki ya ja. Abin ya zauna daram, ba abin da yake lilo. Ya sunkuya, ya miƙe, ya girgiza kai.

"Kai, Sammako! Ashe kana da kai haka? Wannan ramin dabara ce babba."

Sammako ya saci kallon surukarsa. Ta duƙufa a kan tukunya kamar ba ta ji ba.

"To da fa?" in ji shi.

Dogo ya yi sanyin shekarar nan kaf da ruwan hoda a wuya, yana kwance ƙarƙashin motocin mutane. Aka yi masa dariya, daga baya aka fara tambayarsa inda ya samu. Direbobin da gilashin ƙofarsu ba ya rufuwa su suka fara aikowa, sai masu babur, waɗanda su ma suna tsoron dogon mayafi saboda taya. Suka sa wa abin suna ɗan wuya. Dole Sammako ya sauke girman kai ya tambayi surukarsa yadda ake yin rami da gangan. Ta nuna masa: a yi 'yar sarƙa, a tsallake na ƙasa, a ci gaba, in an dawo a hau kan sarƙar.

An ce ya riƙa tattaki saboda ƙafar, kuma ƙafar tasha kawai ta sani. Da farko zuwa yake yi ya gaisa ya dawo. Ranar da ya fara zaro kwarashi daga jaka a kan bencin nan, wani direba mai yawan baki da ake kira Wuta-Wuta ya ɗaga murya.

"Gwaggo, in kin gama a saƙa min zani!"

"Kawo ƙugun in auna," in ji Sammako, bai ko ɗago ba.

Aka kwashe da dariya, rabi a kan wannan rabi a kan wancan. Sunan dai ya zauna.

Wanda abin bai ba dariya ba shi ne Babba. Yana aiki a wani babban kantin magani, mutum ne mai guga da tsabta, mai gudun abin magana. Wata rana da yamma ya sami mahaifinsa a ƙofar ɗaki, ya tsuguna, ya daɗe yana wasa da makullin babur ɗinsa.

"Baba, a wurin aiki ana tambayata."

"Me ake tambayarka?"

"Wai ko mahaifina ne yake saƙa a tasha."

"Ka ce musu me?"

Babba ya ci gaba da juya makullin a hannunsa.

"In sun sake tambaya ka ce musu eh," in ji Sammako, "ka kuma tambaye su launin da suke so."

Babba bai yi dariya ba. Ya tashi ya shiga ɗaki. Bai sake tayar da maganar ba, amma ya je ta bayan fage ya sami mai motocin da mahaifinsa ya yi wa aiki, ya ce masa ai hannun ya warke, mutumin da yake sarrafa ƙugiya da zare ba zai kasa sitiyari ba. Mai motoci yana ganin girman Sammako, ya ce a zo a gwada.

Da labari ya iso masa, Sammako bai yi faɗa ba. Gaskiyar magana yana so. Duk saƙar nan da yake yi, kunnensa yana kan injin kowace mota da ta tashi. Ya sa Inna ta wanke masa tsohuwar rigar sanyinsa ta aiki, ya aske gemu.

A filin da ke bayan tasha aka yi gwajin, da safe, kafin rana ta yi zafi. Dogo ya jera duro-duro marasa komai a matsayin kwana da wurin tsayawa. Mai motoci da Babba suka tsaya a gefe, wasu direbobi suka leƙo ta kan katanga. Sammako ya hau da kansa, ya gyara madubi, ya tayar da mota. Hannun bai ba shi kunya ba. Giya ta shiga ba ƙara, ya zagaya duro na farko da na biyu kamar jiya ya sauka. Sai Dogo ya ɗaga hannu alamar ya tsaya. Ido ya gani, kai ya ba da umarni, ƙafar ce ta makara a hanya. Kafin ta sauka daga totur ta hau birki, gaban motar ya daki duron, ya yi ta gangarawa yana ƙara har bakin katanga. Ya ja da baya, aka tayar da duron, ya sake gwadawa. Haka aka sake yi.

Ya kashe mota. Ya ɗan zauna a ciki, ya ɗauki tsumma ya goge sitiyarin kamar yadda ya saba in ya tashi aiki, sannan ya sauko.

"Birkin motar nan ne," in ji mai motoci. "Dogo, ka duba min shi, mu sake sa rana."

"Birki lafiyarsa ƙalau, ranka ya daɗe," in ji Sammako. "Yau duro ne. A hanya ɗan wani ne."

Ya miƙa makulli. Mai motoci ya ce to ko zai riƙa kula masa da layi, aikin zaune ne. Ya yi godiya ya ce a ba wani. Ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar gida. Jakar zaren da ya manta a gindin katanga Babba ne ya ɗauko ta, ya biyo shi da ita a baya, ta tsakiyar tasha, a gaban kowa. Daga ranar ba a sake jin zancen wurin aiki a gidan ba.

Ya yi kwanaki bai taɓa kwarashi ba. Abinci sai an matsa masa. Yana zaune a kujerar roba yana kallon tanki, ko kajin ba ya kora. Inna ta zuba masa ido har haƙurinta ya ƙare, ta ɗauko jakar ta dire masa a cinya.

"Malam, tashi ka tafi tasharka. Ina da shara, ka tsare min tsakar gida."

Ya tashi ya tafi.

Surukar ta haifi 'ya mace. Sammako ya ce shi zai saƙa wa amaryarsa hula, ya kwana biyu yana fama, abin ya fito da tsini kamar mazurari. Aka sa wa jaririyar don a faranta masa, ta yi ta kuka har aka cire. Ya gwada safa, ita ma ba ta yi ba. Daga nan ya haƙura ya tsaya a kan abin da ya iya. Ɗan wuya kawai yake saƙawa, kuma iri ɗaya. Yakan zagaya wuyan mutum da zare ya auna, ya ƙara ɗan abin da zai shiga rami. Launi kuwa baƙi, ko ruwan toka, ko ruwan ƙasa, waɗanda ba sa tona asirin baƙin mai. Duk wanda ya karɓa sai ya ja masa kunne kada ya wanke da ruwan zafi, kuma duk shekara sai an sami wanda ya dawo da nasa ya ƙanƙance kamar abin wuyan kyanwa yana rantsuwa da ruwan sanyi ya wanke. Bayan direbobi da masu babur, masu sharar titi sun shigo, da mahauta masu fita da asuba, da mai shayin da aka fasa wa kofi. Da na kanti suka cika kasuwa, masu santsi da rubutu a jiki, samari da yawa suka koma can.  In zafi ya shigo ba mai nema, sai ya yi ta saƙawa yana tarawa a akwatin Inna da ƙwayoyin kafur.

Bayan wasu shekaru aka mai da Babba reshen kantinsu na wani gari, ya tafi da iyalinsa. Ranar tafiya surukar ta zo ta durƙusa ta yi masa sallama, ta ajiye masa kwarashinta guda biyu a gefen tabarma.

"Allah ya yi miki albarka, malamata," in ji shi.

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi da sauri.

Tafiyarta ta bar shi da sayen zare. Ya aiki Inna, ta kawo siriri, ya ce bai yi ba, ta ce to ƙafarsa ai ta warke. Dole ya riƙa shiga layin masu kayan ɗinki da kansa, ya tsaya cikin mata a gaban wani ɗan shago mai ɗauke da zare har rufi. Mai shagon ya saba da shi, yana ware masa masu duhu. A nan ne wata tsohuwa mai tabarau, da ta zo sayen zaren rigar jikanta, ta ga ɗan wuya yana leƙowa daga jakarsa. Ba ta nemi izini ba ta zaro shi, ta ja, ta kai kusa da ido.

"Wa ya saƙa wannan?"

"Ni ne."

"Da gani. Bawan Allah, ka matse shi kamar mai ɗaure kaya a kan mota. Zare ma yana son ya sha iska."

Ta karɓi kwarashinsa, ta yi tsaki da ta ga robar da aka naɗa masa, ta nuna masa wata saƙar a tsaye a wurin: a naɗa zare a ƙugiya tukuna kafin a shiga, a fito a hankali, a bar 'yar tazara. Matan da ke wurin suka kewaye su, kowace da nata gyaran. Ya tsaya ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya.

Ya koma benci ya gwada. Abin ya fito da laushi, ga kyau, ga sauri, har shi kansa ya yi ta jujjuya shi. Ya ba Dogo ya ɗana. Dogo ya fita da shi da safe ya dawo da shi da hantsi, ya ce iska tana ratsa shi kamar taga, a ba shi irin na da. Sammako ya kai wa Inna. Tana sawa a cikin gida in sanyi ya yi yawa, in ta ji sallamar baƙi ta cire ta tura ƙarƙashin filo. Shi kuma ya koma matsattsiyar saƙarsa.

Yanzu hannun yana gajiya da wuri, ido ma ya fara neman taimako, baƙin zare sai a rana yake iya ganinsa. Bana sanyi ya shigo kafin lokacinsa, abin da ya tara a akwati ya ƙare tun makon farko. Akwai wani direban tanka mai kaurin wuya da ya ba da awonsa tuntuni, duk shigowarsa tasha sai ya leƙo ta taga ya yi kira, "Gwaggo, ina nawa?" Sammako yakan ɗaga rabin da ya saƙa ya nuna masa, ya ce ya dawo jibi.